Ruwan ɗumi na Wikki: me ke ɗumama shi, kuma ya dace da dattijuwa mai ciwon gwiwa?

Ɗan Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina da tambaya wadda nake fatan masu ilimin ƙasa da masu aikin lafiya da ke cikinmu za su taimaka mini a kanta. A hutun ƙarshen shekara, in Allah ya kai mu, zan raka mahaifiyata zuwa Bauchi domin ta gaisa da danginta na wajen uba. Tun da labarin tafiyar ya isa can, ƙannenta suke ta kiranta a waya suna cewa lallai a kai ta gandun daji na Yankari ta shiga ruwan Wikki, domin ruwa ne mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, kuma wai masu ciwon gaɓoɓi suna samun sauƙi idan sun yi wanka a ciki. Hajiya ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, har ya kai a kan kujera take yin sallah, ga shi kuma tana shan maganin hawan jini, saboda haka maganar ta shiga ranta sosai, ni kuwa ba na so in kai ta wurin da ban fahimci lamarinsa ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ɗumin kansa. Wani maƙwabcinmu ya ce mini duk inda aka ga ruwa yana fitowa da zafi daga ƙasa, to akwai wuta a ƙarƙashin wurin, kuma dutse mai aman wuta ne yake kwance yana jiran ranarsa. Shin haka ne? Idan ba haka ba ne, me ke ɗumama ruwan, kuma me ya sa aka ce ba ya ƙafewa ko da tsakar rani? Sannan ina so in san gaskiyar maganar waraka, ko ruwan yana ɗauke da wasu ma'adinai ne masu magani, da kuma ko ana iya shansa, domin tun yanzu ƙawayen Hajiya na unguwa sun fara ba da sautu a ɗebo musu a jarka. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Tsohon Direba, Asawase

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan ɗawainiya da kake yi wa mahaifiyarka. Ni ban yi karatun duwatsu ba, amma a shekarun da nake jan motar goro tsakanin Kumasi da Kano na sha bi ta Bauchi, kuma na shiga ruwan nan da jikina, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani, masana su ƙarasa maka sauran.

Da farko ka cire wa Hajiya tunanin cewa ruwan zafi ne mai ƙuna. Ɗuminsa bai wuce na ruwan da ake sirka wa jariri don wanka ba. Yana fitowa ne daga gindin wani tsaunin dutse da ya miƙe tsaye, inda akwai ɗan lungu mai duhu a ƙasan dutsen, daga nan ya bazu ya zama tafki mai tsawo a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, ya gangara ya haɗu da kogin Gaji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsabtarsa, domin mutum yana tsaye ruwa ya kai masa ƙirji amma yana ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashi tar, kuma ban ji wani wari ko ɗanɗano a cikinsa ba. Kusa da bakin dutsen ne yake da zurfi, har ya kan shanye dogon mutum, amma yayin da kake gangarawa ƙasa zurfin yana raguwa har ya dawo iya gwiwa. Da sassafe a lokacin hunturu za ka ga tururi yana tashi a kan ruwan, kuma a lokacin ne ake jin daɗinsa ƙwarai.

Abu biyu zan ja hankalinka a kai. Ruwan yana cikin kwari ne, masaukin baƙi kuma yana bisa tudu, sai an sauka matakala mai tsawo da gangara kafin a kai gare shi, kuma ga mai ciwon gwiwa hawowa ita ce babbar wahala, saboda haka ku tafi da wanda zai riƙe ta ta ɗaya ɓangaren. Na biyu kuma gwaggon biri, waɗanda suka saba da mutane har ba sa tsoro, suna fizge leda daga hannun mutum, don haka kada a riƙe abinci a fili. Hanyar kuwa, ana barin titin Bauchi zuwa Gombe a Dindima, a bi zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar kilomita 40 da wani abu a cikin daji kafin masaukin. Ka tambayi kawunnanka halin da hanyar take ciki a makon da za ku tafi, domin su ne a wurin.

Mai Nazarin Duwatsu, Tarkwa

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninku ya sauƙaƙa mini aiki, domin farin yashin nan da kuka gani da rashin warin da kuka ambata su ne rabin amsar. Ƙanena, ni ɗan Nima ne, a Tarkwa na yi karatun ilimin duwatsu kuma a nan nake aiki, kuma tambayarka ta yi mini daɗi saboda mutanenmu ba su cika yin irinta ba.

Ruwan Wikki ruwan sama ne. Ruwan da ya sauka a kan tuddan yankin yana nutsewa cikin ƙasa, ya ratsa dutsen yashi, wato dutsen da asalinsa yashi ne da ya taru ya danne ya ƙame, wanda kuma yake da ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyinsa da ruwa ke iya bi. Yana gangarawa a hankali ƙwarai, tafiyar da kan ɗauki shekaru masu yawa, har ya kai zurfin da duwatsun suke da ɗumi, ya ɗauki ɗuminsu, sannan nauyin ruwan da ke biye da shi daga tudu ya turo shi sama ta wata tsaga a jikin dutse. Tsagar ita ce sirrin lamarin, domin ita ce ke ba ruwan gajeriyar hanya ya fito da sauri kafin ya huce. Da a ce a hankali yake hawowa kamar yadda ya sauka, da ya zubar da ɗuminsa a hanya ya fito da sanyi irin na kowace ƙorama.

Ɗumin duwatsun kuwa ba ya bukatar wuta a kusa. A ko'ina a duniya, har a ƙarƙashin gidanku na Aboabo, ƙasa tana ƙara zafi gwargwadon yadda aka nutsa cikinta, kuma a yawancin wurare ƙarin yakan kai digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas a kowace kilomita ɗaya. Zafin yana da tushe biyu: wanda ya rage a cikin duniya tun farkon samuwarta, da wanda wasu sinadarai irin su yuraniyam da toriyam da fotashiyam suke fitarwa a hankali yayin da suke rikiɗa a cikin duwatsu. Duk wanda ya taɓa sauka ramin haƙar zinariya mai zurfi ya san wannan a jikinsa. Ramin Obuasi ya kai zurfin mita 1,500, kuma sai da injinan hura iska ake iya aiki a ƙasansa, a Afirka ta Kudu kuwa, a mahaƙar Mponeng da ta kusa kilomita 4, dutsen da kansa ya kai wajen digiri 60, har sai an riƙa tura ƙanƙara ƙasa don sanyaya wurin aiki.

Yanzu mu yi lissafin Wikki. Zafin ruwansa digiri 31 ne da ɗan ɗoriya, dare da rana, rani da damina. Matsakaicin zafin shekara a wannan yanki bai yi nisa da digiri 27 ba, kuma shi ne zafin da ruwan rijiya mai ɗan zurfi yake riƙewa duk shekara, abin da ya sa ruwan da aka ja daga rijiya da asubar hunturu ake jinsa da ɗumi alhali ba shi ne ya canza ba, iskar waje ce ta yi sanyi. Ka ga ke nan Wikki ya ɗara ruwan rijiya da digiri kaɗan ne kawai, kuma zurfin 'yan ɗaruruwan mita ya isa ya ba shi wannan ƙarin. Abin al'ajabi a wurin shi ne yawansa, domin ana ƙiyasta yana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana, wato fiye da lita 240 a cikin sakan ɗaya. Dalilin da ya sa ba ya ƙafewa shi ne rumbun da yake ɗiba daga ciki yana da faɗi da kauri ƙwarai, ruwan daminar shekaru da yawa ne ya taru a ciki, saboda haka ƙarancin ruwan shekara ɗaya ba ya bayyana a bakin maɓuɓɓugar. Kuma ba shi kaɗai ba ne a gandun, akwai wasu maɓuɓɓugan ɗumi kamar Dimil da Gwana da Mawulgo.

Me ya sa aka sami irin wannan dutsen yashi mai kauri a can? Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suke rabuwa tekun Atilantika yana buɗewa, wata doguwar tsaga ta nemi ta ratsa cikin Afirka daga inda bakin kogin Neja yake a yau zuwa wajen tafkin Chadi. Ba ta kai ga raba nahiyar ba, amma ta bar kwari mai tsawon kimanin kilomita 1,000, wanda kogin Binuwai yake bi a yau, kuma yashi da laka suka yi ta cika shi har kaurinsu ya kai kilomitoci a wasu wurare. Yankari yana kan gefen wannan kwarin ne ta arewa, kuma yawancin maɓuɓɓugan ɗumi na Najeriya a tsawonsa suke: Ruwan Zafi na Lamurde a jihar Adamawa, wanda zafinsa ya haura digiri 50, da na Akiri da Awe a jihar Nasarawa. Na Ikogosi a jihar Ekiti yana wajen kwarin, a cikin tsofaffin duwatsu masu tauri, kuma shi ne ya fi nuna abin da nake bayani, domin a can ruwan ɗumi da ruwan sanyi suna fitowa kusa da juna su haɗu, ɗaya ya biyo tsaga daga zurfi, ɗaya kuma bai yi nisa da saman ƙasa ba.

Maganar maƙwabcinka tana da inda take gaskiya, amma ba a Yankari ba. A gabashin Afirka, inda ƙasa take tsagewa a yanzu haka kuma narkakken dutse yake kusa da sama, ruwa yana fitowa yana tafasa, kamar a bakin tafkin Bogoriya a Kenya, kuma tun 1981 ƙasar take samar da lantarki daga tururin ƙarƙashin ƙasa a Olkariya. Wancan ruwa ne da zai sale fatar mutum nan take. Ruwan da ke kan digiri 31, wanda ko zafin jikin mutum na digiri 37 bai kai ba, ba shi da alaƙa da wannan.

Batun ma'adinai kuma, a nan nake so mutanenmu su yi hattara, domin an saba ɗauka cewa duk ruwan da ya fito da ɗumi cike yake da magani. Ruwa yana ɗaukar abin da ya tarar a hanyarsa ne kawai. Wanda ya ratsa duwatsu masu gishiri ya fito da gishiri, shi ya sa matan Awe da Keana suka daɗe suna dafa gishiri daga ruwan ƙasarsu. Wanda ya ratsa dutsen farar ƙasa ya narkar da ita, in ya fito fili iskar da ke cikinsa ta fice sai ya sauke ta, ta taru ta zama fararen matakalai irin na Famukkale a Turkiyya da na Hammam Dabag a gabashin Aljeriya. Wanda ya haɗu da farar wuta ya fito da warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai ƙarfe kuma ya bar jan tsatsa a kan duwatsun bakinsa. Yashi kuwa kusan ba ya narkewa a ruwa, sai ma tace shi da yake yi, saboda haka ruwan da ya fito daga dutsen yashi yakan zo garau, da ƙarancin ma'adinai, kamar yadda Baba ya gani.

Ma'aikaciyar Jinya, Maamobi, Accra

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Bayanin Yaya na Tarkwa ya gamsar, ni kuma zan tsaya a kan abin da ya shafi jikinta, domin dattawa masu irin ciwonta su ne yawancin waɗanda nake gani a wurin aiki.

Sauƙin da masu ciwon gaɓoɓi suke ji a ruwan ɗumi gaskiya ne, kuma kada kowa ya ce musu ruɗu ne. Idan mutum ya shiga ruwa har ƙirji, ruwan yana ɗauke masa mafi yawan nauyin jikinsa, gwiwar da ta saba ɗaukar kaya sai ta sami hutu, ɗumin kuma ya sassauta naman da ya ɗaure a kewayenta, har mutum ya iya lanƙwasa ƙafar da ya kasa lanƙwasawa a tudu. Saboda haka ne ma masu gashin ƙashi na asibiti suke sa marasa lafiya motsa jiki a cikin ruwa. Amma idan ciwon Hajiya irin na tsufa ne, wanda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, to wanka ba ya mayar da shi, kuma sauƙin yakan tafi bayan ɗan lokaci. Ina roƙonka ka faɗa mata haka tun a gida cikin ladabi, domin na ga dattawan da suka ɗora dukkan fatansu a kan irin wannan tafiya, suka ajiye magungunansu, suka dawo jikin ya fi da tsanani.

Game da hawan jini, ruwa mai zafi yana buɗe hanyoyin jini, jinin ya sauka, mutum ya ji jiri idan ya miƙe da sauri, musamman mai shan magani. A digiri 31 wannan haɗari kaɗan ne, a ruwan da ya haura digiri 40 ne ake jin tsoronsa sosai, kuma irin wannan ne ake hana masu ciwon zuciya da masu juna biyu daɗewa a ciki. Duk da haka ta ga likitanta kafin tafiya, ta ci gaba da shan maganinta a kan lokaci, ta tsaya inda ruwan bai wuce ƙugu ba da mace a gefenta, ta fito a hankali ta zauna kafin ta fuskanci matakalar. Idan tana da ciwon suga kuma akwai rauni a ƙafarta, to kada ta shiga sam.

Akwai abu guda da ya shafi ku matasa fiye da ita. A ruwan daɗi mai ɗumi, a sassa da yawa na duniya, akan sami wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, wadda idan ruwa ya shiga hanci da ƙarfi takan iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, amma wanda ya kamu da wuya ya tashi, kuma kariyar mai sauƙi ce: kada a yi tsalle a faɗa da ka, kada a tayar da lakar ƙasa, a toshe hanci idan za a nutse. Shan ruwan kuwa ban ba da shawararsa ba, domin ko da ya fito da tsabta daga dutse, tafki ne da jama'a suke wanka a ciki kuma namun daji suna kewaye da shi.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Baba, Yaya, Anti, Allah ya saka muku da alheri, na karanta wa Hajiya amsoshinku gaba ɗaya kuma hankalinta ya kwanta game da maganar wuta. Saura tambaya biyu. Yaya, tunda kun ce ƙasa tana da zafi a ko'ina, me ya sa ba ma jin labarin irin wannan ruwa a nan ƙasar Asante, ga duwatsu ga ramukan zinariya? Tafkin Bosomtwe kuma, da muke zuwa yawon Sallah, na sha jin ana cewa bakin dutse mai aman wuta ne, shin yana da alaƙa da wannan? Ta biyu daga Hajiya take, tana tambaya ko alwala ta halatta da ruwan da ya fito da wari ko ɗanɗanon gishiri daga ƙasa.

Mai Nazarin Duwatsu, Tarkwa

Ƙanena, zafi kaɗai ba ya isa, sai abu uku sun haɗu: ruwa mai yawa, hanyar da zai nutsa da zurfi, da tsagar da za ta dawo da shi da sauri. Ƙasar da Kumasi take kai tana cikin tsofaffin sassan Afirka, duwatsunta sun haura shekara biliyan 2, kuma masana sun sa musu suna daga kogin Birim. Ɓawon duniya a nan yana da kauri, ya daɗe da hucewa, zafin da ke hawowa daga ƙasa kaɗan ne idan aka kwatanta da kwarin Binuwai. Duwatsun kuma a ƙame suke ba kafofi, ruwa yana zama ne a ruɓaɓɓen samansu da ƙananan tsagogi, shi ya sa yawancin rijiyoyin burtsatse na yankinmu 'yan gomomin mita ne zurfinsu. Tsaga ita kaɗai ma ba ta wadatar, domin Accra tana kusa da manyan tsagogi, waɗanda suka jawo girgizar ƙasar 22 ga Yuni 1939 da ta kashe mutum 17, amma ba a san birnin da ruwan zafi ba.

Sai dai akwai wani abu da nake so kowane ɗan zango na Kumasi ya sani, domin ni kaina shi ne ya sa na ƙaunaci wannan ilimi. Ƙasar Asante ta taɓa samun ruwan zafi irin wanda Wikki bai kama ƙafarsa ba. A zamanin da duwatsun nan suke matsuwa suna naɗewa, ruwa mai zafin ɗaruruwan digiri ya riƙa bin manyan tsagogi a can cikin zurfi, ɗauke da narkakkun ma'adinai, kuma inda ya huce ko matsin ya ragu sai ya sauke kayansa. Farin jijiyar dutse da mahaƙa suke bi a Obuasi da Prestea da Konongo ita ce sawun wannan ruwa, zinariyar da ke cikinta kuma shi ne ya kawo ta. Na sha riƙe guntun irin wannan dutse a hannuna, fari fat da ɗigon ƙyalli a gefensa, kuma abin da nake gani shi ne hanyar ruwan da ya ƙafe tun kafin a sami wata halitta mai tafiya a doron ƙasa. Tare da zinariyar ruwan ya sauke asenik, wanda guba ne, kuma shi ya sa ake sa ido a kan ruwan sha a yankunan haƙa. Haka a Bongo, a arewa maso gabashin ƙasar nan tamu ta Ghana, dutsen wurin yana sakar wa ruwan rijiyoyi sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, har haƙoran yara suna yin dabbare-dabbare. Duka biyun ma'adinai ne daga ƙasa, kuma ba a ganinsu ko a ji ɗanɗanonsu, sai an kai ruwa ɗakin gwaji.

Bosomtwe ba bakin dutse mai aman wuta ba ne, ko da yake an daɗe ana muhawara a kansa. Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya kimanin shekara miliyan 1 da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10.5, ruwan sama ya cika shi. An tabbatar da haka daga duwatsun da bugun ya narkar ya farfasa, kuma a 2004 masana daga ƙasashe da yawa sun haƙa ƙasan tafkin sun ciro samfura. Tafkin da ya dace da tsoron maƙwabcinka shi ne Nyos na Kamaru, wanda yake cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, inda a watan Agusta 1986 iskar da ta taru a ƙasan ruwan ta ɓalle cikin dare ta halaka mutum fiye da 1,700.

Malamin Allo, Sabon Zango, Kumasi

Assalamu alaikum. Ɗana, ka gaida Hajiya, ka ce mata tambayarta tana da amsa bayyananna a mazhabarmu ta Malikiyya. Ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza saboda ƙasar da yake zaune a cikinta ko yake bi ta kanta, kamar gishiri ko kanwa ko farar wuta ko laka, yana nan a matsayin ruwa mai tsarki mai tsarkakewa, ana alwala da wanka da shi. Wanda ake gudu shi ne wanda wani abu daga waje ya faɗa masa ya canza shi, musamman najasa. Ɗumin da ya zo da shi daga ƙasa kuma ba ya rage masa komai. Bayanin malamin duwatsu cewa asalin ruwan daga sama yake ya tuna mini da aya ta 21 a Suratuz Zumar, inda Allah yake ambaton saukar da ruwa daga sama da shigar da shi cikin ƙasa ya zama maɓuɓɓugai. Abin da zan ƙara shi ne wurin na jama'a ne, maza da mata da baƙi, saboda haka ku nemi lokacin da babu cunkoso, ta shiga da suturarta, 'yan'uwanta mata suna tare da ita.

Mai Nazarin Duwatsu, Tarkwa

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Ƙanena, na ga ba a taɓo maganar sautun jarka ba. Ka ba iyayen namu haƙuri, domin amfanin ruwan yana cikin ɗuminsa da kuma ɗauke nauyin jiki da yake yi, ɗumin kuwa zai tafi tun kafin ku isa garin Bauchi, abin da zai iso Aboabo bayan kwanakin hanya ta Legas da Kwatano da Lome da Aflao ruwa ne da ya kwana a roba cikin zafin mota. Bokitin ruwan ɗumi da tawul a gida ya fi musu amfani.

Idan za ka yi mini alheri, ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi a kantin magani, irin na ruwa wanda yake farawa daga ƙasa da digiri 30, domin na auna zazzaɓi ba ya sauka zuwa nan. Ka auna ruwan kusa da bakin dutsen gwargwadon inda ƙafarka take taɓa ƙasa, ka sake aunawa a can ƙarshen tafkin inda yake zama ƙorama, sau ɗaya da asuba sau ɗaya da la'asar, ka rubuta har da zafin iskar waje a kowane lokaci. Ka kuma ɗauko mini hoton jikin tsaunin daga kusa, inda layukan yashin suke bayyana, ka sa makulli ko biro a jikin dutsen domin a gane girman ƙwayoyinsa.